Bangon da Ya Rage a Soron Mai Kanwa

Da sunan Allah nake farawa, wanda ya ara mini kwanaki har na ga jikoki. Wannan babin na shekarar da aka rushe Soron Mai Kanwa ne. A cikinku babu wanda ya san gidan a tsaye. Ke Binta kina goye a bayana lokacin, sauran kuwa ba a haife ku ba. Abin da kuka tashi kuna ji a bakin mutane shi ne uwarku ta yi wa maza rashin kunya ranar da rusau ya iso ɗakinta. Ban taɓa musawa ba, don an yi. Sai dai masu ba ku labarin a nan suke tsayawa, saboda abin da na faɗa ran nan su ma bakinsu ba ya iya maimaita shi. Karatuna bai yi nisa ba, allo ne na 'yan shekaru, amma ya ishe ni in ajiye muku wannan.

Kakan kakanku ne ya gina gidan, Bukar, mutumin Barno, tun kafin a yi jihadi. Da takarkarai ya zo ɗauke da kanwa, ya ga hanyar gabas ta ratsa ta nan arewa da Gezawa, ga ruwa a kusa, ya ce ya gaji da yawo. An ce daga birni ya ɗauko magina, suka yi rani huɗu suna aiki. Zaure uku ne a jere kafin ka shiga cikin gida. Na farkon mai bakan gizo ne, raƙumi yakan shige shi da kayansa ba a sauke ba. A kan na biyu akwai bene, shi kaɗai a duk ƙauyukan nan, har matafiya sukan ce su haɗu inda ake fara hango zankon soro. Kaurin katangar kuwa, in mutum ya kwanta a kanta a gicciye ƙafarsa kawai ke leƙowa. Can gefe akwai rijiya da garken da fatake ke ɗaure dabbobinsu. A nan ake sauke baƙi, a ba su ruwa da tuwo, a nemo musu masu sayen kayansu, a sallame su. Ni ban ga wannan zamanin ba. Da aka kawo ni, hanyar ta riga ta koma kudu wajen wata sabuwar kasuwa. Zauren farko jemagu ne a ciki, benen kuma an hana hawansa tun da gara ta ci azara biyu. Mu 'yan kaɗan ne muke yawo a cikinsa, in ka yi magana a tsakar gida sai ka ji muryarka ta dawo maka. Kowace shekara kafin damina ana yaɓe, kuma kowace shekara abin da hannu ke iya kaiwa raguwa yake yi. Surukina, kakanku, shi ya riƙe shi da ƙarfin hali. Yakan ce muddin yana numfashi ba mai cire ko da indararo ɗaya.

Ɗakina shi ne na can ƙurya. Tsakanin bayansa da katangar gida akwai wani ɗan lungu da ba mai bi sai kaji. A al'ada mace gidan iyayenta take komawa haihuwar fari, amma ni uwata ta rasu tun ina ƙarama, ubana kuma yana can wajen Bagwai, hanya ba lafiya a shekarar. Don haka a ɗakin nan na haihu. Namiji ne. Aka sa masa sunan surukina. Kwana biyu bayan suna babanku ya bi ayari da jakunansa, kamar yadda yake yi kowane rani. Yaron ya yi kwana goma sha tara, da hantsi ya koma. Kakanku ya shigo da kansa ya karɓe shi daga hannun ungozoma, shi da wani tsohon limami. A wajenmu ba a kai jariri maƙabarta, a cikin gida ake sa shi. Ban fita ba, ba a fita. Ina kwance a gadon jego, kaina jikin bango, sai na ji ƙarar dagi tana shigowa ta cikin ƙasa, daidai kunnena na dama. Na ji lokacin da aka daina haƙa, na ji lokacin da aka fara mayarwa. Da na gama arba'in na zagaya lungun, an daddaɓe wurin ya yi daidai da sauran ƙasa. Damina ta biyo baya ta shafe ɗan abin da ya rage.

Kun san yadda ake yi da ɗan fari. Uwa ba ta kama sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, in ya mutu ba ta kuka a gani. Nawa kunyarsa biyu ce, ga shi na fari, ga shi da sunan suruki. Ban yi kuka a gani ba. Mata suka yaba, suka ce yarinyar nan akwai kawaici. Na ji daɗin yabon, ba zan ɓoye muku ba.

Bayan shekara biyu na haifi Binta, kuma kafin a yaye ta kakanku ya rasu, limamin nan ma ya riga shi. A lokacin ba ni da natsuwa. In Binta ta yi barci sai in riƙa kai yatsa ƙarƙashin hancinta, in na ji shiru a bayana ina daka sai in sauke ta in duba. Ina cikin wannan halin Yaya Mamman, wan babanku, wanda ke zaune cikin garin Gezawa tun kafin a kawo ni, ya dawo rabon gado. Su huɗu ne maza. Gona ta yi musu kaɗan, kamar yadda ta yi wa kowa a ƙasar nan, inda iyakar wani ke bakin ƙofar wani, kuma wadda suke da ita ta gaji. Gidan ba ya rabuwa huɗu, ba kuma mai iya riƙe shi shi kaɗai. Amma kowane manomi ya san babu takin da ya kai ƙasar tsohon bango, balle bangon da ya sha hayaƙi da fitsarin dabbobin fatake tun zamanin kakanni. Suka shirya a rushe shi, a raba azara da ƙyamare, a kwashe ƙasar a mangala zuwa gonaki, filin kuma a noma shi. Kowa ya yi ɗan gidansa a gefen rabonsa. Ban ga laifinsu ba a lokacin, yanzu ma ban gani ba.

Ni abu ɗaya ne a raina. Duk wanda ya san wurin nan ya mutu, sai ni da na ji da kunne, sai babanku da aka nuna wa lungun da hannu bayan ya dawo. Ana saura kwana kaɗan ya sake bin ayari, yana gyaran akumari a ƙofar ɗaki, na tsuguna kusa da shi.

"Malam, bayan ɗakin nan fa?"

Bai ɗago ba. Ya ce, "Na sani."

"Za a gaya wa Yaya?"

"Na ce na sani."

Ya tafi. Na ɗauka ya faɗa.

Aka fara daga zauren farko. Tanko magini aka ɗauko da mutanensa, wani baƙin mutum mai yawan dariya wanda ubansa ma ya yi yaɓe a gidan. Na riƙa kallon yadda suke yi ta kafar zana. Sai su cire rufi tukuna, su jera azara gefe. Sannan su zaɓi gefen da suke so bango ya faɗi, su sare gindinsa da dagi ta wannan gefen, su haƙa ƙasa har kusan gwiwa, su zuba ruwa ya jiƙa, su koma ɗaya gefen su tura da itatuwa. In ya faɗi sai ƙasa ta girgiza har tukwane su yi ƙara. Masu jakuna suna tsaye suna jira. Bakan gizon nan ya ba su wuya, kwana biyar suna fama da shi. Ranar da benen ya sauko mutane suka zo kallo daga ƙauyuka uku.

Akwai Gwaggo Falmata, ƙanwar kakanku, wadda ta dawo gidan bayan mutuwar mijinta, shekara guda kafin rusau. Ita ba ta yarda da aikin ba, amma ba ta iya barin kallonsa. Kullum sai ta ja tabarmarta ta zauna inda ƙura ta fi yawa tana zaginsu.

Tanko yakan ce, "Gwaggo, matsa mana, kada a haɗa da ke a mangala. Ke ma kin isa taki."

"Uwarka ce taki. Ubanka da ya yaɓa bangon nan ya fi ka hannu, kai ba ka iya komai ba sai ɓarna."

"Ɓarnar ma gado ce, Gwaggo, shi ya nuna mini inda ya yi ha'inci."

Sau biyu na je wajenta. Na farko na kai mata fura na zauna, na kasa. Na biyu na ce, "Gwaggo, wancan da aka yi kafin Binta..."

Ta ɗaga mini hannu. "Kul! 'Yar mutunci ba ta tuna wannan. Wanda ya ba ki ya karɓa, ya kuma ba ki wata. Tashi ki ba ni wuri."

Na tashi.

Daga nan sai na koma dabara. Na mirgina turmina na kai lungun na kafa. Na ɗaure akuyata a wurin. Na shanya kuɓewa a tabarma na rufe ƙasar. Ban san me nake tsammani ba, wai ko wani zai tambaye ni dalili a hankali, inda ba kowa. Ba wanda ya tambaya. Da suka kada katangar baya, lungun ya zama fili, jakuna suna zuwa har gindin ɗakina. Wani daga cikin mutanen Tanko ya ɗauke turmin ya kai mini gaban ɗaki, har da cewa kada in gode. Na yi ta sauraro ko zan ji Yaya ya ce a yi hankali da wajen nan. Ban ji ba. A nan na gane babanku bai faɗa ba.

Aka mayar da ni wata bukka a gefen rabonmu, aka cire rufin ɗakina da yamma. Washegari da hantsi na goya Binta na koma, na ce wa matan gida na manta maburgi. Na same su a bayan ɗakin: Yaya Mamman, ƙannensa biyu, Tanko da mutanensa, masu jakuna, ga Gwaggo a tabarmarta. An riga an kawo tulunan ruwa. Ta baya za su sara, don bangon ya faɗo inda jakuna za su ɗauka cikin sauƙi. Na tsuguna daga nesa.

"Yaya, ina kwana."

"Lafiya. Me ya kawo ki cikin ƙura da yarinya?"

"Da an sare wannan ta ciki."

Tanko ya yi dariya. "Yaya Mamman, ashe da magini a gidanku kuka wahalar da ni?"

Yaya bai yi dariya ba. Ya ce, "Don me?"

"Wurin ba na sara ba ne."

"Na ce don me?"

 Ya jira kaɗan, ya ga ba abin da zai fito, ya juya ya yi wa Tanko alama da kai. Tanko ya ɗaga dagi ya sauke. Ƙarar ita ce dai wadda na sani. Ban san lokacin da na miƙe ba. A tsaye nake, a gaban wan mijina, muryata kuma ta fita har masu jakuna na can baya suka juyo.

"Ɗana yana nan. Ɗana na fari. Umaru yana ƙarƙashin inda yake sara."

Ba wanda ya motsa. Tanko ya bar dagin a kafe, ya ja da baya. Ƙannen Yaya suka sunkuyar da kai kamar su aka kama. Gwaggo ce ta fara magana, tana tafa hannu a hankali.

"Innalillahi. Ta kama sunan. Sunan ɗan'uwana a bakinta, kuma a tsaye."

Yaya ya daɗe yana kallon bangon. Sannan ya ce, ba da ni ba, "Na san an yi rasuwa. Ban san a nan aka sa shi ba. Ba wanda ya gaya mini." Ya juya wajen Tanko. "Tambaye ta daidai ina."

Tanko ya ce, a hankali, ba dariya, "Uwar Binta, daidai ina?"

Na dubi ƙasar. Tsawon bangon ya kai taku goma, ko'ina iri ɗaya, kashin akuya da sawun jakuna. Daga waje ban sani ba. Ban taɓa sani daga waje ba. Na ce su dakata. Na zagaya na shiga ɗakin, ba rufi, rana tana dukan inda ba ta taɓa duka ba. Gadon ƙasa yana nan ba a fasa shi ba. Na kwance Binta na ajiye, na hau na kwanta yadda na kwanta ran nan, kaina jikin bango, kunnen dama a ƙasa. Na ɗauki wani guntun tubali na ƙwanƙwasa daidai wurin.

Na ji muryar Tanko ta baya. "Ƙara."

Na ƙara.

"Na ji. Ya isa."

Da na fito ya ja layi a ƙasa, kamu biyu dama, kamu biyu hagu, ya kuma ja wani a gaba. Inda ya fara sara ɗazu yana cikin layin, a bakinsa na hagu. Ya durƙusa ya mayar da ƙasar da hannunsa. Yaya ya ce kada a tura bangon nan ko ta ina, a bi shi daga sama a sauke da hannu, a bar abin da ke cikin layi. Aikin rabin yini ya ci musu kwana biyu, masu jakuna suna ta gunaguni. Abin da aka bari faɗinsa kamu huɗu ne, tsayinsa zuwa ƙirji. Duk Soron Mai Kanwa, da zaurukansa da benensa, wannan ne ya rage a tsaye.

Da yamma Gwaggo ta aiko a kira ni. Ta ce, "Da kin zo kin raɗa mini."

"Na zo, Gwaggo."

 Ta ce, "Ai ban san zancen wuri kike ba." Can kuma ta ce, "Duk da haka, da kin faɗa a tsugune."

Abin da ya biyo baya kun ga wani da idonku. Yaya Mamman bai ƙara yi mini magana kai tsaye ba har ya bar duniya. In na gaishe shi sai ya amsa wa wanda ke kusa. Bai taɓa cutar da ni ba, kowace kaka yakan aiko mini da dami, amma ta hannun wani. A bakin rijiya in na iso sai hira ta canja. Ba a ƙara sa ni cikin masu rakiyar amarya ba, ba a ƙara ba ni jaririn kowa in riƙe ranar suna ba, wai kada bakina ya shafe shi. Lokacin auren Binta wata daga dangin mijin ta ce a bincika, 'yar wadda ta kama sunan suruki a tsaye ce. Auren ya yiwu, amma na ji, Binta ma ta ji, ta zo tana kuka tana tambayata me na yi, na ce mata ta je ta wanke fuskarta.

Babanku ya dawo gab da damina. A kasuwar Gezawa ya ji labarin kafin ya iso gida. Kwana uku bai ce mini komai a kai ba, ni ma ban ce ba. Ran na huɗu na hango shi a kufan, ya kwaɓa ƙasa yana yaɓe guntun bangon. Na kai masa ruwa. Bai juyo ba.

Ya ce, "Sau uku na shiga wajen Yaya kafin in tafi. Duk ukun zancen jakuna na yi na fito."

Na ce, "Ga ruwa."

Ya karɓa ya sha. Ba mu sake zancen ba har ya rasu, amma kowace shekara kafin ruwan farko sai ya je ya yaɓa.

Filin ya yi abin da aka zata. Shekara uku geron da aka shuka a kufan yana shanye mai doki, gonakin da aka kai wa ƙasar su ma suka farfaɗo, da shi aka ciyar da ku. Bayan nan ya koma kamar kowace gona. Rijiyar fatake ta rufta aka cike ta. Azarar zauren farko tana rufin masallacin unguwa, ƙyauren bene yana gidan 'ya'yan Yaya, sauran ban san inda suka shiga ba. Masu wucewa yanzu ba su san an taɓa yin gida a wurin ba, sai dai in garma ta tono guntun kasko.

Tun da babanku ya rasu ba a yi yaɓe ba, ni kuma ƙafa ta ƙi. Bara da aka kai ni na gani, ruwa ya cinye bangon ya koma tudu iya gwiwa, ciyawa ta rufe shi. Kufan yanzu a rabonka yake, Sani, kuma na ji kana cewa tudun nan yana karya maka kunya in kana huɗa. Ban ce ka gina komai ba, ban ce ka yaɓa ba. In ka iso wurin ka ɗaga garma, ka kauce kamu biyu ta gefen gabas, sannan ka ci gaba. Yayanku ne a wurin.